Hannun Daman Isuhu da Akushin Baffa

Har yau in na ga yaro da filastar karaya a hannu, sai na tsayar da uwarsa ko ban san ta ba, in ce mata kar ta bari kowa ya taɓa. Wasu su yi godiya, wasu su bi ni da kallo kamar mai taɓin hankali. Na gaji da faɗa da baki, shi ya sa na zauna na rubuta abin da ya sami ƙanena Isuhu, da jinyar da na yi masa tun daga kaka har faɗuwar damina, shekara biyu bayan babban farin nan da ya ƙarar wa mutane da shanu.

Mu biyu iyayenmu suka rasu suka bari. Baffa Malam Tanimu, yayan mahaifinmu, shi ya riƙe mu a Gagarawa, shi ya aurar da ni Gumel, shi kuma ya yarda aka sa Isuhu boko alhali shi malamin allo ne. Ina faɗar wannan tun da wuri don kar wani ya karanta abin da zai biyo baya ya ɗauka mugun mutum ne.

Isuhu tun yana ƙarami ba ya tafiya irin ta mutane. In an aike shi sai ya yi alkafura a hanya, ya dawo da ƙasa har cikin kunne. Da ya shiga makarantar horon malamai, malamin wasanninsu ya gan shi ya sa shi cikin masu tsalle. Su rugo da gudu, su dafa wani dogon akwatin katako, su juya a sama su dira kan katifa. Su tsaya da hannu ƙafa a sama, har su yi tafiya a haka. Ni dai na ce masa wannan aikin biri ne. Amma a shekararsa ta ƙarshe aka zaɓe shi cikin waɗanda za su je gasa Kano da bazara, kuma wanda duk ya yi abin kirki a can za a tura shi ƙarin karatu ya zama malamin wasanni na manyan makarantu. Isuhu ba shi da kan lissafi, ba shi da bakin Turanci. Hannuwan nan biyu su ne jarinsa, shi ma ya san da haka.

Wata Juma'a da la'asar ya shigo gidana riƙe da hannun dama. Wai hannunsa ne ya zame daga bakin akwatin, ya wuce katifa, ya faɗa ƙasa a kan tafinsa. Na duba ban ga abin tashin hankali ba. Ba jini, kumburin ma ɗan kaɗan. Sai dai in ka danna ɗan ramin nan da ke gindin babban yatsa, ya janye hannu ya cije leɓe.

"Targaɗe ne, Yaya," in ji shi. "Gobe zai sake ni."

Maƙwabciyarmu Iya Tabawa uwar tagwaye ce, kuma kowa ya san uwar tagwaye ke jan targaɗe. Ta shafa man shanu, ta kama yatsun ta ja, ta murɗa hagu ta murɗa dama. Gumi ya wanke wa Isuhu fuska amma bai ce uffan ba, don ba zai yi raki gaban mata ba. Ta ce ta ji ya yi ƙas, ya koma ke nan. Na ba ta goro, ta sa mana albarka. Ban taɓa riƙe ta a rai ba, abin da ta gada ta yi, kuma da zuciya ɗaya ta yi shi.

Ya koma makaranta, aka naɗe masa bandeji, ya ci gaba da tsallensa a kan hannun. Wannan shi ne abu na farko da nake son masu irin wasan nan su ji: ciwon wuyan hannu da bai kumbura ba ya fi mai kumburi yaudara.

A sati na uku ya dawo ko buta ba ya iya ɗagawa. Daga nan gari ya cika da likitoci. Wannan ta ce a gasa da ruwan zafi, wancan ya ce kambun baka ne tunda an zaɓe shi an bar wasu, wata ta aiko da saiwa a ƙulle a tsumma. Maigidana Malam Garba, wanda direban babbar mota ne yana ɗaukar shanu daga kasuwar Maigatari zuwa Kano, ya ce a bar surutu a je wurin maɗori. Akwai wani tsoho a wani ƙauye gaba da Sule Tankarkar. Muka tafi da kaza da ɗan man shanu, ni da goyona a baya, motar ta sauke mu muka ƙarasa a ƙasa cikin rairayi.

Tsohon ya daɗe yana laluben hannun idonsa a rufe. Ya yi tofi, ya jera karare ya ɗaure da tsumma. Da za mu tashi ya kira ni gefe.

"'Yata, ni ban ji karaya ba. Amma yadda yaron nan yake zabura, akwai abin da yatsana bai kai ba. In an yi Juma'a biyu bai samu sauƙi ba, ku je a ɗauki hoto. Kar ku dawo nan."

Allah Ya jiƙan tsohon nan. A duk waɗanda suka taɓa hannun Isuhu kafin likita, shi kaɗai ya ce bai sani ba.

Juma'a biyu ta wuce, jiya i yau. Muka nufi asibiti. Mu fita bayan asuba, mu yanki kati, mu zauna a benci har rana ta take, a miƙo mana ƙwayar ciwon kai a ce a dawo. Sai a zuwa na uku muka ga likita, shi kuma ya ce ba su da abin ɗaukar hoton ƙashi, sai Kano. Na sayar da tunkiyata. Muka bi motar maigida daren Alhamis, mu a gaba shanu a baya, duk ramin da aka faɗa sai in ji Isuhu ya ja numfashi ta haƙori.

A Kano muka sauka gidan wata 'yar'uwar maigida. Layin babban asibitin nan kuwa, in ban da larura ba abin da zai sa ɗan Adam ya tsaya a cikinsa. Layin kati daban, na hoto daban, na karɓar hoton daban, ga yarinya tana kuka a bayana, ga ma'aikata suna wuce ka kamar kai ne bango. Kwana biyu muka yi muna wannan jeka-ka-dawo kafin a kira mu.

Likitan Ba'indiye ne, ɗan siriri mai tabarau, sai wani nas mai furfura yana yi mana tafinta. Ya ɗaga hoton a haske ya nuna wani ɗan ƙashi da bai fi ƙwayar gyaɗa mai ɓawo ba, da wani siririn layi a tsakiyarsa. Ya ce nan ya tsage. Ya ce ƙashin nan ta gefe ɗaya jini yake shigarsa, shi ya sa yake da wuyar haɗewa, in aka yi wasa ɗaya ɓarin sai ya mutu. Ya yi faɗa kan jinkirin da muka yi, ya yi faɗa kan ja da murɗa. Amma ya ce tunda yaro ne, akwai fata. Isuhu ya tambaya ko zai kai ga gasar bazara. Likita ya ce in ya bi doka, mai yiwuwa ne.

Aka naɗa filasta, wadda mutanenmu ke ce wa siminti, tun daga ƙasan gwiwar hannu har ta haɗiye babban yatsa, sauran yatsu huɗu kawai a waje. Nas ɗin ya dube ni, ba Isuhu ba, ya ce:

"Ke ce babba, ki riƙe wannan. Ƙashin ba ya son motsi, filastar ba ta son ruwa. Wata uku."

Na riƙe kuwa. Makaranta ta ba shi hutun jinya ya dawo gidana. Wanka sai maigida ya zuba masa ruwa, shi kuma ya ɗaga hannun ya dafa katanga. Alwala shafa yake yi a kai da ɗan danshi. In ƙaiƙayi ya taso ya nemi tsinke zai zura, in ƙwace. Abinci kuwa, mutum ba ya loma ba babban yatsa, don haka na ba shi cokali yana ci da hagu a ɗakina, rabi a baki rabi a riga. Ga wankinsa, ga na yarinya, ga girki, ga masu zuwa dubiya da kowanne sai an ba shi ruwa an saurari maganinsa. Na rame har zanina yana kwancewa. Amma ciwon ya lafa, yana barci, da safe ya fita gudu bayan gari don kar jikinsa ya mutu. Na fara cewa a raina mun haye.

Sai babbar sallah ta zo, Baffa ya aiko mu je gida.

A gidanmu na Gagarawa akwai wani babban akushi baƙi, tun na kakanmu. Duk namijin da ke gidan a cikinsa yake ci, a zaure, tare da Baffa, kuma Baffa ba ya sa hannu sai kowa ya hallara. Isuhu tun rasuwar mahaifinmu a gurbinsa yake zama, dama da Baffa. Ba a taɓa tsoma hagu a akushin nan ba, ba a taɓa tsoma cokali ba. Na san da haka, shi ya sa daren da muka isa na zuba masa nasa a kwano na kai masa ɗaki.

Ba a jima ba aka ce Baffa yana kira. Na je na durƙusa a bakin zaure. Maza zaune, tuwo yana hucewa, ba wanda ya taɓa.

"Asabe, ina ƙanenki?"

"Yana ciki, Baffa. Da cokali yake ci, da hagu. Na ga bai kamata a nan ba."

"Da hagu." Ya ɗago kai ya dube ni. "Ɗan ƙanena Musa, a gidan nan, shi kaɗai a ɗaki da kwanonsa daban. Kin san wanda ake ware wa kwano a garin nan? Gobe sallah, gari zai shigo. Me kike so a fita ana cewa?"

Na san abin da yake nufi. A lokacin, wanda ake zargi da kuturta shi ake ware wa kwano. Na faɗa masa maganar likita yadda nas ya faɗa mini, ban rage ba.

"Ciwon a wuyan hannu yake ko a yatsa?"

"A wuyan hannu, Baffa."

"To, yatsa laifin me ya yi aka ɗaure shi? Ba cirewa na ce a yi ba. Likita ya yi aikinsa, Allah Ya saka masa. Ɗan wurin yatsan kawai za a buɗe, yaro ya ci abinci da damansa cikin 'yan'uwansa kamar yadda aka koya mana."

"Allah Ya gafarta Malam, an ce motsi ne ba ya so."

"Loma ce motsi? Tashi ki je, Asabe."

Na tashi. Mutumin da ya ciyar da kai ya aurar da kai, ba ka ja da shi gaban maza ana gobe sallah. Na koma wurin Isuhu na ce ya ƙi, ya ce likita ya hana, shi namiji ne za a ji tasa. Na roƙe shi har da hawaye. Ya sunkuyar da kai yana juya cokalin nan.

"Yaya, sati nawa ina ci ni kaɗai kamar mai laifi. Kwana uku ne fa. Gurbin Baba ne nake zama."

Da safe kafin a tafi idi wanzami ya zo. Ina madafa ina jin ƙarar askarsa a kan filasta, ƙurus ƙurus, kamar ɓera a rumbu. Ya yi aikinsa da tsabta, ya zagaye yatsan ya cire, ko ƙwarzane babu. Kowa ya yaba.

Abin da ba wanda ya lissafa shi ne abin da ke biyo bayan loma. Wanda ya ci tuwo da miya sai ya wanke hannu. Safe, rana, dare, ga romo ga kitsen layya, ruwa yana gangarawa cikin filasta. Sannan tunda yatsa ya fito, hannu ya zama na gaisawa. Gagarawa kaf ta shigo barka da sallah, kowa ya kama hannun ɗan makaranta ya girgiza, wani ma ya riƙe yana tambayar jiki. Isuhu yana murmushi. Ban taɓa ganin sa da farin ciki irin na kwanakin nan ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ranar da za mu koma Gumel, bakin filastar ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen kwali, tana juyawa a hannunsa kamar munduwa.

Sai da motoci suka dawo aiki bayan sallah muka samu komawa Kano. Likitanmu ya tafi hutu. Wani matashi ya duba a tsaye, ya ƙara naɗa bandeji a kan ruɓaɓɓiyar filastar, ya ce mu dawo ranar da aka rubuta mana. Na ce masa tana motsi. Ya ce akwai mutane a bayana. Muka juyo, kuɗin mota ya tafi a banza, ciwo kuma ya dawo sabo, har da zugi cikin dare.

Ranar da aka rubuta muka koma, aka sake hoto. Wannan karon likita ya daɗe yana kallon hoton. Layin nan siriri ya zama rami, ɗaya ɓarin ƙashin ya yi fari fat, ya bambanta da 'yan'uwansa. Nas mai furfura ya juya filastar a hannunsa ya ga inda aska ta bi.

"Wa ya yanke wannan?"

Na buɗe baki, Isuhu ya riga ni. "Ni ne, ranka ya daɗe. Ta dame ni."

Nas ya yi masa wankin babban bargo, ya ce ɗan makaranta guda da aikin jahilci. Isuhu ya shanye bai ɗaga kai ba. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Aka sake sabuwar filasta, wata uku kuma. Wannan karon cikin zafi aka yi ta. Ƙuraje suka feso masa, hannun yana wari, ga rashin barci. Na sayar da 'yan kunnena na aure da tasoshi biyu. Baffa da ya ji an sake ɗauri ya aiko da buhun gero da rubutun sha, ya ce a gaya wa likita in aiki za a yi zai sa gonarsa a kasuwa. Likita ya ce ko an yi aiki, hannun zai yi rubutu, zai yi ɗan abin yau da kullum, amma ba zai ƙara ɗaukar nauyin mutum ba. Bazara ta zo, 'yan makarantarsu suka tafi gasa da wani a gurbinsa. Ranar bai fita gudu ba, kuma daga ranar bai sake fita ba.

Da aka cire filastar hannun ya fito siriri kamar kara, fata tana saɓulewa. Na yi ta gasa masa ina shafa mai. Yatsu suka dawo, ƙarfi ya ɗan dawo, amma wuyan hannun ya ƙi lanƙwasuwa baya. Wata safiya ina shara na hango shi bayan ɗaki, ya tuɓe riga, ya dafa ƙasa zai ɗaga ƙafafunsa jikin katanga. Hagu ta riƙe, dama ta noƙe, ya faɗi a kafaɗa. Ya zauna a nan cikin ƙasa. Da ya ga na gan shi sai ya ce, "Yaya, ya ƙi." Na jingina tsintsiya na shiga ɗaki na yi kukana.

Ya ci jarrabawa da ƙyar, aka tura shi koyarwa wata firamare a ƙasar Sule Tankarkar. Da dukan hannunsa yake rubutu a allo, tun daga kafaɗa. Yana koya wa yara alkafura da baki, ya kira wani ya nuna musu.

Ina godiya ga maigidana da motarsa, da matar da ta sauke mu a Kano ba ta taɓa ɓata rai ba, da nas ɗin nan duk da zafin bakinsa, don gaskiya ya faɗa. Masu jinya kuma ina roƙon ku, in an ce wata uku, to har da ranar sallah a ciki.

Da damina muka je Gagarawa. Ruwa ya tsuge da magariba, ba a samu fita masallaci ba, Baffa ya ja mu salla a rumfar tsakar gida, mu mata muna baya. Da aka sallame ya juyo ya fuskanci mutane yana jan carbi, Isuhu ya miƙe yin nafila. Da ya kai sujada ya shimfiɗa tafin hagu a tabarma, na dama kuwa ya dunƙule shi ya dogara a kan gaɓoɓin yatsu, don tafin ba ya kwanciya. Ni na saba gani. Baffa bai taɓa gani ba, don kullum yana gaba. Na ga carbin ya tsaya a hannunsa. Bai ɗauke ido ba har Isuhu ya sallame.

Da aka fitar da akushi zaure, sai na ji an ce Baffa yana kira. Na je na durƙusa inda na durƙusa wancan karon.

"Asabe, kawo cokali."

Na kawo. Ya karɓa da kansa, ya miƙa wa Isuhu ta wajen hagunsa.

"Ci da wanda ya fi maka sauƙi, ɗana. Allah Ya san larura."

Isuhu ya dubi cokalin, ya dubi Baffa. Ba da gatse ya yi maganar ba, ba halinsa ba ne.

"Ai loma kam yana yi, Baffa."

Ya sa damansa ya yanko tuwo. Baffa ya daɗe riƙe da cokalin, sannan ya ajiye shi a gefen akushi. Daren nan bai ci komai ba.

Daga ranar har Allah Ya karɓi ransa, ba a ƙara fitar da akushin nan ba sai da cokali a gefensa, haka ya yi umarni. Ba wanda ya taɓa ci da shi. In na je gida ni nake wanke shi tare da sauran kwanuka, in mayar inda yake.